Shekarar da Aka Ɗauko Inna daga Ƙauye

Akwai maganar da na daɗe ina jin tana yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana da 'ya'yan kawunku Sule, kuma tunda rubutun nan ya kawo ni kan wannan shekara, gara in faɗe ta yadda ta faru. Wasunku sun tashi da cewa kakarku Inna ta ruɗe a ƙarshen rayuwarta. Wasu kuma, musamman nawa, sun riƙe a ransu cewa kawunku ne ya raba ta da gidanta don idonsa yana kan filin. Ko ɗaya ba haka yake ba. A gabana aka yi komai, kuma yanzu da shekaruna suka kusa kai nata na wancan lokacin, na fi fahimtar abin a kan yadda na fahimce shi a da.

Inna ta zauna a ƙauyenmu, can bayan Baure, tun ranar da aka kai ta ɗakin miji. Mu biyu kaɗai muka rayu cikin waɗanda ta haifa, Yaya Sule ne na fari, ni Binta ni ce auta. Dukanmu a Daura muka ƙare, shi yana harkar hatsi a kasuwa, ni kuma aure ne ya kawo ni. Bayan rasuwar Baba mun yi mun yi da ita ta dawo wajenmu, ta ƙi. Tana da awakinta da zabinta, tana da rumbunta, ga ɗan fegi a bayan gida inda take shuka kuɓewa da yakuwa. Sannan tana da Iya Abu. Iya Abu maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ce tsakaninsu, ita ma gajera, ruwa ya cinye kanta ba wanda ya damu ya gyara. A shekara ɗaya aka kawo su garin suna amare, kuma ba su yi nisa da juna ba wajen takaba. Idan gari ya waye, kafin kowace ta hura wuta sai ta ɗaga murya ta tambayi kwanan 'yar'uwarta. Na sha jin su suna gardama a kan ko yau za a yi ruwa, kowace tana tsakar gidanta tana aikinta, ba ta ma ganin ɗayar.

Dole in gaya muku yadda Inna take da Yaya, don ku yaran yanzu ba lalle ku gane ba. Ɗan fari ne, saboda haka kunyarsa take ji. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Babba take ce masa, shi ma sai ta kama dole. Ba ta zama su yi doguwar hira, ba ta kai masa kuka, ba ta yi masa musu a gaban mutane. Idan ya je gaishe ta sai ta kawar da kai ta amsa a taƙaice, bayan ya tafi kuma ta ishe ni da tambaya ko yana samun abinci a kan lokaci, don ta ga ya rame. Shi ma haka yake da ita. Yana son ta ƙwarai, amma daga nesa, da buhun gero da atamfar salla.

Inna mace ce mai tsafta har ana yi mata tsiya a kai. Ƙwaryarta ba ta kwana da ƙanzo, tsakar gidanta kuwa za ka iya shanya gari a ƙasa. Cikin tsaftar tata har da sakace kunne. Kullum idan ta yi wanka ta shafa mai, sai ta zauna a tabarma ta ɗauko gashin zabo, ta fige shi ta bar ɗan kan, ta zura a kunne tana murzawa, idonta a lumshe. Daga baya ta koma naɗa auduga a tsinken tsintsiya. Da masu talla suka fara kawo na kanti, mai auduga a kai biyu, ta ce wannan ya fi duka. Mu ma haka take yi mana muna yara, ta kwantar da kanmu a cinyarta ta yi ta ƙwaƙula. Ba wanda ya taɓa ganin aibun abin. A wurinmu dauɗar kunne ƙazanta ce, mai tsafta kuwa shi ne wanda ya bi ta har ciki.

Ban san takamaiman lokacin da jinta ya fara ja da baya ba, don Inna ta iya ɓoyewa. Idan aka yi mata magana ba ta ji ba, ba za ta ce a maimaita ba. Sai ta kalli bakin mutum ta yi cinke, ta gyaɗa kai ta ce to, madalla. Sau da yawa kuma tana dacewa, don hirar ƙauye ba ta cika wuce gaisuwa da ruwa da amfanin gona ba. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne da ta soma cewa tana jin ana daka a cikin kanta, wani lokacin kuma kamar injin niƙa, alhali gari shiru. Wata rana na je duba ta, muna zaune a inuwa ta ɗaga hannu ta ce in saurara.

"Auta, wa ke niƙa da tsakar ranar nan?"

"Ba kowa, Inna. Injin ma ai ya lalace."

Ba ta ji amsar ba. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Na dawo Daura da abin a raina. Da na gaya wa Yaya sai ya ce tsufa ne, haka kakarmu ta wajen uba ta fara kafin ta daina gane mutane.

Sai aka yi rasuwa a ƙauyen, a gidan mai unguwa. Jikarsa ce ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Inna ta san yarinyar ta kusa sauka, ta ga mata suna ta shiga gidan, wata ta tare ta a ƙofa ta faɗa mata abin da ya faru, ita kuwa kalmar haihuwa kawai ta tsinta. Ta shiga tsakar gida da fara'arta, a gaban uwar yarinyar, tana barka da arziki, Allah ya raya, me aka samu. Iya Abu ce ta kamo hannunta ta fitar da ita. Kafin yamma labarin ya zaga gari, ba a jima ba ya iso Daura a bakin masu zuwa kasuwa. Da Inna ta gane abin da ta yi, sai ta shige gida ta daina zuwa ko'ina, ba suna, ba biki, ba gaisuwa. Mutane suka ƙirga wannan ma cikin alamun ruɗewa. Bayan haka kuma tana tsallaka hanya da ƙunshin ciyawar awaki a ka, wani mai babur ya yi ta danna mata hon ba ta ji ba. Ya kauce, amma ya goge ta, ta faɗi ta gurɗe hannu.

Ranar da wannan labarin ya iso, Yaya ya zo gidana bayan la'asar. Ko zama sosai bai yi ba.

"Binta, ba zan jira a kira ni a ce mota ta taka ta ba. Zan je in ɗauko ta."

"Yaya, ba za ta yarda ba. Ka san halinta."

"Yanzu ba yardarta ake nema ba. Wadda ta yi barka a gidan mutuwa, ita za a tsaya tambaya?"

Ban yi masa musu ba, don ni ma abin da nake gani ke nan. Hannun da ya gurɗe, mai ɗori ya riga ya gyara. Kunne kuwa, ba wanda ya kawo a ransa cewa abin dubawa ne. Mun san ba ta ji sosai, amma mun ɗauka kurumta da ruɗewa tare suke zuwa wa tsoho, kuma ba a zuwa asibiti neman maganin shekaru.

Tare muka je. Iya Abu ta dogaro sandarta ta zagayo, ta tsaya a gaban Yaya.

"Sule, ku bar mini ita. Hankalinta garau yake. Jiya ma ita ta tuna mini abin da aka dafa ranar sunanka."

"Iya, ai ke ma mai kula da ke ake nema."

"Ni idona ne ya yi rauni, ita kunnenta. In aka haɗa mu ai mun tashi mutum guda cikakke."

Yaya ya yi murmushi, ya ba ta haƙuri. Sannan ya durƙusa a gaban Inna, ya ɗaga murya ya yi mata bayanin cewa za ta koma Daura da zama. Ta kawar da kai yadda ta saba, ta gyaɗa. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kaya guda, ta dubi Iya Abu ta ce ta riƙa ba jar akuyar nan dusa don tana da ciki, ita kwana biyu za ta yi a duba mata hannu ta dawo. Ni da Yaya muka dubi juna. Mun zaci ruɗewar ce, an faɗa mata yanzu ta manta yanzu. Iya Abu ta bi motar da sanda har bakin hanya, tana faɗin wata magana da Inna ba ta ji ba, mu ma ƙarar inji ta hana mu ji.

Ga yadda aka yi da gidan, ku saurara da kyau. Damina ta ƙarato, gidan ƙasa kuwa idan ba mutum a ciki ba ya shekara. Awakin sun zama wahala ga Iya Abu, ga shi ba ta gani sosai. Maƙwabcinmu na ɗaya gefen yana da 'ya'ya maza da suka isa aure, wuri ya yi masa kaɗan, ya aiko yana tambaya. Yaya bai yi gaban kansa ba. A gabana ya shiga wurin Inna ya durƙusa, ya ɗaga murya ya ce ga abin da ake ciki, ko ta amince a sayar. Ta ce to, madalla. Abin da aka samu na gida da na dabbobi, da shi ya gina mata ɗaki a gidansa, da makewayinta a ciki don kada ta riƙa fita, ya sa siminti ya sa fanka, har ya ƙara da nasa. Wannan shi ne filin da kuke cewa ya ci.

Ɗakin ya yi kyau, amma Inna ba ta zauna cikinsa da daɗi ba. Tana wuni a bakin ƙofa, hannu a tagumi, tana kallon yara suna wucewa. Hajara matar Yaya ta yi iya ƙoƙarinta, ba zan ci haƙƙinta ba, sai dai magana da Inna ta zama aiki, kuma a hankali kowa ya taƙaita ta ga abin da ya zama dole: ga abinci, an kira salla, ga ruwan wanka. Su ma da ihu ake faɗa. A gabanta ake maganarta kamar ba ta wurin. Baƙi su zo gaishe ta, su juya su tambayi Hajara ko tana gane mutane. Ta rame, ta daina tambayar kowa komai. Abu ɗaya da ba ta daina ba shi ne sakace kunne, sai ma ƙaruwa da ya yi, don tana jin kunnen ya yi mata nauyi, tana ganin in ta ƙara zurawa zai buɗe.

Wajen kaka Hansai, 'yar Iya Abu, ta bugo waya ta ce Allah ya yi wa mahaifiyarta rasuwa bayan gajeriyar jinya. Na ce ni zan faɗa wa Inna da kaina. Na durƙusa dab da ita, na ɗaga murya na faɗa, na sake faɗa. Ta zuba wa bakina ido, fuskarta ta ɗan saki, ta gyaɗa kai.

"To, madalla. Allah ya yi albarka."

Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata. A ranar na sallama cewa uwata ta tafi ta bar gangar jiki, don duk wanda ya san su biyun ya san ba yadda za a yi Inna ta ji mutuwar Abu ta ce madalla. Ni da Yaya muka je gaisuwa ba da ita ba.

Ba a daɗe ba ruwa ya shiga mata kunne wajen wanka. Kunnen ya ɗauki ciwo, jiri ya riƙa ɗibar ta idan ta miƙe. Masu ba da shawara suka yi yawa. Wata ta ce a ɗumama manja a tsiyaya, wani ya ce akwai mai cire dauɗar kunne da ƙarfe a bakin tasha, a kira shi. Yaya ya ce ba wanda zai sa wa uwarsa ƙarfe a kunne yana raye. Ya saka ta a mota muka tafi asibiti. Likitan da muka samu mutum ne mai sanyin magana. Ya ɗauko wata 'yar fitila mai tsinin baki ya leƙa kunnen dama, ya leƙa na hagu, ya sake komawa na dama.

"Da me Mama take sakace kunne?"

Na ce, "Da tsinken auduga, likita. Kullum. Inna ba ta wasa da tsafta."

"To, shi ne ya jawo. Kunne yana share kansa da kansa. Dauɗar nan ba ƙazanta ba ce, ita ke tare ƙura da ƙwari, tana hana fatar ciki bushewa, kuma a hankali take gangarowa bakin kunne ta fita. Duk abin da aka zura, ɗan kaɗan yake ɗebowa, sauran ya danna shi ciki. Mama ta yi shekara da shekaru tana dannawa, har ya daskare ya toshe duka biyun."

Yaya ya gyara tsayuwa. "Likita, kana nufin ba tsufa ba ne?"

"Akwai na tsufa, Alhaji, ba zan ce babu ba. Amma sai mun cire wannan za mu san iyakar nasa. Ƙarar da take ji a kai da jirin ma suna iya zama daga nan ne."

Ya tambaye ni ko kunnen ya taɓa zubar da mugunya, ko an taɓa cewa dodon kunnenta ya fashe, don in haka ne ba a ɗiga komai ba a kuma wankewa da ruwa. Na ce ban taɓa sani ba. Ya ba da maganin ciwon, ya ce in ya lafa a riƙa ɗiga mata man zaitun mai tsabta, ba mai zafi ba, ɗigo kaɗan safe da yamma tana kwance a gefe, na 'yan kwanaki, har dauɗar ta yi laushi, sannan mu dawo a wanke. Ya ce kafin nan a kwashe duk wani tsinke daga ɗakinta.

Gidana na kai ta a kwanakin nan. Ina kwantar da kanta a cinyata in ɗiga man, in riƙe ta har ya shiga, tana mita wai ana zuba mata miya a kunne. Ranar da muka koma, wata malamar asibiti ce ta yi aikin. Ta sa ni riƙe 'yar tasa a ƙarƙashin kunnen, ta riƙa tura ruwa mai ɗumi kaɗan a hankali da wani babban sirinji. Da farko ruwan kawai ke dawowa. Can sai ga abu ya faɗo cikin tasar, baƙi ƙirin, ya kai ƙwallon dabino, da zare-zaren auduga a jikinsa har da guntun gashin zabo. Na ɗayan kunnen ma haka. Inna ta zabura ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

"Wannan wace irin hayaniya ce?"

Fanka ce kawai ke juyawa, sai wani keken marasa lafiya da ake turawa a baranda. Malamar ta zagaya bayanta, inda ba za ta ga bakinta ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, kina ji na?"

"Ina jin ki mana, 'yar nan. Me zai hana?"

Malamar ta yi dariya, ni ma na yi, da hawaye. Da na waiwaya ban ga Yaya ba, ya fita waje.

Jin bai dawo duka ba, likita ya yi gaskiya, akwai na shekaru. Amma ya dawo yadda za a yi hira da ita ba ɗaga murya. Dakan da take ji a kai ya ragu, jirin ya tafi. A mota tana ta faɗin abin da take ji kamar yarinya, ga mai rake yana talla, ga kiran salla daga can. Ban taɓa farin ciki irin na wannan tafiyar ba, kuma bai kai la'asar ba. Bayan mun ci abinci a gidana ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Auta, hannu ya warke, kunne ya buɗe. Ki gaya wa Babba gobe ya mayar da ni. Na bar wa Abu awaki tun kafin ruwa ya sauka, ga shi har an yi girbi. Na san tana can tana zagina."

Na matso kusa da ita, wannan karon ba sai na ɗaga murya ba.

"Inna, Iya Abu ta rasu. Da kaka. Na faɗa miki."

Ta daɗe tana kallona.

"Ranar da kika durƙusa kina ta ɗaga murya?"

"Ranar."

"Na ga bakinki yana cewa Abu. Na zaci gaisuwa ta aiko. Me na ce miki?"

"Kin ce madalla."

Ta yi salati a hankali, ta juya fuskarta wajen bango. Can, ba tare da ta waiwayo ba, ta tambayi awakin. Na faɗa mata. Ta tambayi gidan. Na faɗa mata, na ce an tambaye ta, ta amsa. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Abin da kawai ta ce shi ne ashe duk a gabanta aka yi.

Yaya ya zo kafin magariba. Na riga na aika masa cewa ta sani. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarma, ya fara magana da ƙarfi yadda bakinsa ya saba.

"Babba, rage murya. Ina ji."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ki yafe mini. Wallahi na zaci..."

"Na san abin da ka zata. Kowa ma shi ya zata." Ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Ka tambaye ni, na gyaɗa kai. Da na buɗe baki na ce ban ji ba, da ba a kai nan ba. Ba na so ne a ce na kurumce. Tashi, na yafe."

Bai tsaya nan ba. Washegari ya tafi ƙauye neman a mayar da ciniki, ya tarar an rushe ɗakin Inna an tayar da sabo, har an kawo amarya a ciki. Ya dawo ya ce zai nemi wani fili a garin ya gina mata. Ta ce in ya gina, ta zauna da wa.

Wannan ne ya sa kuke ganin ina fizge tsinken auduga daga hannun jikokina, kuna cewa rigimar tsufa ce. Ni kaina tun shekarar ban sake zura komai a kunnena ba. In na yi wanka sai in goge wajen da gefen tawul, iyakar inda yatsa ya tsaya. In na ji ya yi nauyi in ɗiga mai na 'yan kwanaki, in bai saki ba ko ya fara ciwo in je a duba. Kuma idan wata rana kuka ga na fara ba ku amsar da ba ita kuka tambaya ba, kafin ku taru a yanke shawara a kaina, ku kai ni a leƙa kunnena. Inna ta rayu 'yan shekaru bayan haka da hankalinta cif, ita ke tuna mana wanda ya girmi wani a cikinku. Shirun da kuka san ta da shi ba na ruɗewa ba ne. Wadda take hira da ita ce babu.

Bayan maganar gidan ta mutu, abu ɗaya Inna ta nema, a kai ta ta yi wa Hansai gaisuwa, ko da an makara. Muka tafi mu uku da hantsi. Ta zauna da Hansai a ɗakin marigayiya ta sa aka ba ta labarin jinyar daga farko har ƙarshe, me ta ci, me ta ce, wa ya yi mata wanka. Ta yi mata addu'a mai tsawo. Daga nan ta ce za ta shiga ta yi wa uwar yarinyar nan ta gidan mai unguwa ta'aziyya yadda ya kamata, ta shiga ita kaɗai, ta jima, ta fito idonta jajur. Amaryar da ke zaune a inda ɗakinta yake ta aiko a ce ta shigo ta sha ruwa. Inna ta tsaya a ƙofar gidan ta sa mata albarka daga nan, ba ta shiga ba. Yaya yana tsaye jikin mota, ya kasa cewa a tafi. Ita ce ta ƙaraso da kanta, ta riƙe murfin ƙofar.

"Babba, rana ta yi sanyi. Kai ni gida."

Tun ranar da muka ɗauko ta nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da za ta kira Daura gida. Da ta kira, ban ji daɗi ba. Yaya ya buɗe mata ƙofa, ya tattara mata gefen mayafinta don kada murfin ya datse shi, muka kama hanya.